Manomin da Ya Raba Maganin Ƙuma Biyu

Akwai wani manomi a wani ƙauye, mutum mai tsoron Allah, dattijo ne kuma a ikilisiyarsu. Yana da sunan yanka kamar kowa, amma ba da shi aka san shi ba. Duk ƙauyen Raba-daidai suke ce masa, manya da yara.

Ga yadda ya sami sunan. Kowace shekara in Kirsimeti ta matso, magidanta sukan haɗa hannu su sayi sa, su yanka, su kasa naman kashi-kashi, abin da muke kira watanda. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin watanda ya san a nan ake gwada bangaskiyar mutum. Za ka ga wanda ya ja waƙa jiya a majami'a, yau ya ƙura wa kason maƙwabcinsa ido, yana ƙirga ƙasusuwan da ke cikin nasa. To, wannan manomi shi ake miƙa wa wuƙa. Yakan zauna ya yi ta kasawa, tsoka nan, tsoka can, hanta kowa ya samu, tumbi kowa ya samu, ƙashi ma kowa ya ɗauki rabonsa. In ya gama sai ya ja da baya, ya runtse ido ɗaya, ya duba, ya ɗauke 'yar tsoka daga wannan kashi ya ɗora a kan wancan. Tun da ya fara wannan aiki ba a taɓa jin wanda ya koma gida yana gunaguni ba.

Hali ne mai kyau, kada ku ji ina zolaya ku ɗauka ba na yaba masa. Sai dai mutumin ya kwaso watandar ya shigo da ita cikin gida. In ya sayo rake, sai an daidaita gaɓoɓi. Sa'ad da 'ya'yansa biyu suke ƙanana ya taɓa sayo musu huluna iri ɗaya, girma ɗaya, alhali kan babban ya kusa yin biyun na ƙaramin. Babban ya ɗora tasa a tsakar ka kamar murfin tukunya, ƙaramin kuwa sai ya ɗaga tasa kafin ya ga hanya. Matarsa Afiniki takan ce masa, “Baban Habila, kai ko ciwon kai aka ba ka, sai ka raba mana.” Shi kuwa yakan yi murmushi, don a kunnensa yabo ne.

'Ya'yan suka girma suka tafi nasu gidajen. Gidan ya rage daga shi sai Afiniki, sai mahaifiyarsa Iya Liyatu, tsohuwa ƙwarai wadda idanunta suka dushe. Sai kuma kare ɗaya da kyanwa ɗaya.

Karen ƙato ne, baƙi, mai faɗin ƙirji, sunansa Ƙyalesu. Shi ke raka maigida gona, shi ke korar birai daga masara. Kyanwar kuwa 'yar ƙarama ce, fara mai ɗigon toka a goshi, ba ta fi a ɗauke ta da hannu ɗaya ba. Aikinta a rumbu yake, wajen ɓeraye, amma zamanta a cinyar Iya Liyatu. Tsohuwar ita ta raɗa mata suna Ƙawa. Sa'o'in Iya duk sun riga ta tafiya wurin Ubangiji, masu zuwa gaishe ta kuma gaisuwar tsaye suke yi su wuce. Ƙawa ce kaɗai take zama ta ji labari tun daga farko har ƙarshe, ko da jiya ma shi aka ba ta. Iya takan shafa bayanta tana rera mata waƙoƙin sujada na dā. In ka ɗebe ɗanta, ba abin da tsohuwar nan take ƙauna a duniya kamar kyanwar.

Maigidan, bisa ga halinsa, ya tanadi akushi biyu masu girma ɗaya, kowace yamma yakan zuba musu tuwo daidai wa daida. Ƙawa takan ɗan lasa ta tafi abinta, Ƙyalesu ya cinye nasa, ya juya ya cinye nata. Da safe maigida ya tarar da akusa biyu fes, sai ya gode wa Allah da kowa ya ƙoshi.

Ana nan, a wata shekara da damina ta yi nisa, ƙuma ta shigo gidan. Kun dai san ƙuma. Ba ta kai ƙwayar gero ba, amma in ta sauka a gida kowa sai ya san an yi baƙo. Ƙyalesu ta fara kamawa. Ya zauna a tsakar gida yana susa da ƙafar baya, ƙafar tana dukan ƙasa dum, dum, dum, har maƙwabta suka zaci Afiniki daka take yi. Daga nan ta koma kan Ƙawa, gashin wuyanta ya fara zuba. Da ta gama da masu ƙafa huɗu sai ta waiwayi masu ƙafa biyu.

Ranar Lahadi dattijon yana zaune a bencin gaba, inda dukan jama'a ke ganinsa, ya haɗe fuska kamar mai zurfin tunani a kan wa'azi, alhali ɗan yatsan ƙafarsa na dama yana can yana aiki a idon sawun hagu. Afiniki kuwa da 'yan zumuntar mata suka tashi waƙa, rawar da ta taka ran nan ba a taɓa ganin ta yi irinta ba. Bayan an tashi mata suka yi ta yaba mata ƙwazo, ita dai ta ce a gode wa Ubangiji.

Da maganar ta fita, masu ba da shawara suka yi sallama, don shawara ba a sayenta a ƙauye. Wani ya ce a shafa wa dabbobin kananzir. Wani ya ce baƙin mai na injin niƙa ya fi. Wani kuma ya ce yana da ragowar maganin feshin wake, a dama da ruwa a tsoma su ciki, ƙuma ko kakarta ba za ta tsira ba. Manomin ya saurare su duka, ya gode, ya ce, “Abin da ke kashe tsutsar wake ban san abin da zai yi wa kare ba. Zan je in tambayi wanda ya san aikin.” A nan ya yi hikima, ina so ku riƙe masa wannan.

Ran kasuwa ya hau kekensa ya tafi gari, wurin wata malamar dabbobi mai suna Keziya, wadda take da ɗan shago da ɗakin duba dabbobi a bayansa. Ya yi zaton zai ce “maganin ƙuma” a miƙo masa ya juya. Sai malama ta ja masa kujera ta shiga tambaya. Wace dabba ce? Yaya girmanta? Babba ce ko 'yar ƙarama? Tana cin abinci? Akwai gyambo a jikinta? Tana da ciki ko tana shayarwa? Ya amsa duka, na kare daban, na kyanwa daban, yana mamakin yadda ƙwaro ɗaya ya jawo tambaya haka da yawa.

Sa'an nan ta ɗauko wani ɗan bututu, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Ta ce na kare ne mai girman Ƙyalesu. Ta nuna masa yadda zai buɗa gashin a bayan wuya, tsakanin kafaɗu, inda harshe ba ya kaiwa, ya matse maganin duka a kan fata. Ta ce a share ɗakuna da lungu-lungu, a wanke tsummokaran da dabbobin ke kwana a kai, a shanya tabarmi a rana, gama ƙumar da ake gani a jiki kaɗan ce, ƙwayayenta suna ƙasa.

“Na kyanwar fa, Malama?” in ji shi.

“Ya ƙare, Baba, sai kasuwa mai zuwa. Kafin nan a riƙa taje ta da matsefi mai ƙananan haƙora, ana zuba abin da aka samu a ruwan sabulu. Amma ka ji ni da kyau. Wannan na kare kada ya taɓa kyanwa, ko ɗigo. Jikin kare yana iyawa da shi, jikin kyanwa ba ya iyawa. In ka sa wa karen ma, a raba su har ya bushe.”

Ya ce, “Na ji, Malama.” Ya ji ɗin kuwa, kunnensa lafiya lau.

Kashegari da safe Afiniki ta ɗauki hatsi ta tafi niƙa. Maigida ya kira Ƙyalesu ya zaunar da shi, ya ciro bututun daga aljihu. Iya Liyatu tana kan tabarmarta a ƙofar ɗaki, Ƙawa tana cinyarta tana ta susa.

“Ɗan nan, ka samo maganin?”

“Na samo na Ƙyalesu, Iya. Na kyanwa sai kasuwa mai zuwa.”

Tsohuwar ta shafa kan kyanwar ta ce, “To, Ƙawa, kin ji. Sai haƙuri, ke ce ta baya.”

Ba ta roƙe shi kome ba, ba ta kuma yi fushi ba, da kyanwarta take magana. Amma kalmar ta soke shi. A gidansa, gidan Raba-daidai, a ce akwai na gaba akwai ta baya? Ya dubi ƙaton karen, ya dubi 'yar kyanwar da wuyanta ya yi ja don susa, tausayi ya kama shi. Sai ya fara shawara da zuciyarsa, ita kuwa zuciya ba ta rasa abin faɗa in ta ga inda mutum ya karkata. Ta ce masa ai ƙumar ɗaya ce, wadda ta ciji kare ita ta ciji kyanwa. Ta ce abin da malama take tsoro shi ne a juye wa 'yar ƙaramar dabba bututu guda, amma rabi me zai yi? Har ta ƙara masa da cewa masu ilimi sun cika tsoratar da mutane.

Ya shiga ɗaki ya samo murafen kwalba biyu, ya jera su a kan turmi. Ya matsa kaɗan nan, kaɗan can. Ya ja da baya, ya runtse ido ɗaya, ya duba, ya ƙara ɗigo a na hagu. Da suka yi daidai, ya buɗa gashin Ƙyalesu ya zuba masa ɗaya, ya karɓi Ƙawa daga hannun Iya ya zuba mata ɗayan. Ya mayar da ita cinyar tsohuwar, ya ce ya ɗan taimaka mata kafin nata ya zo. Ya wanke hannu, ya ɗauki fartanya ya nufi 'yar gonar da ke bayan gidansa, zuciyarsa fari fat.

Rana ba ta kai tsaka ba ya ji Iya tana kira. Idanunta ba sa gani sosai, amma hannunta ya san jikin kyanwar nan fiye da yadda ido zai sani.

“Ɗan nan, zo ka duba mini. Ƙawa tana rawar sanyi, ga rana kuwa.”

Ya zo ya duba. Kunnuwan kyanwar suna karkarwa, fatar bayanta tana motsi ita kaɗai, miyau yana dalala daga bakinta. Ya sauke ta ƙasa, ta yi taku biyu ta faɗi, ta tashi ta sāke faɗuwa. Ba ya bukatar kowa ya gaya masa abin da ya faru, muryar malama ce take ta maimaita kanta a kunnensa.

Daidai nan Afiniki ta shigo da garinta a ka. Ta dubi kyanwar, ta dubi mijinta, ta dubi murafen kwalba biyu a kan turmi. Ta sauke kwano a hankali.

“Baban Habila, me ka raba?”

Ya faɗa mata gaskiya, a gaban mahaifiyarsa, bai rage kome ba, har da kashedin da aka yi masa. Wani maƙwabci da ya leƙo ta kan danga ya ce a ɗura mata manja. Afiniki ta ce an gode, shawara ta isa haka, wadda ta ba da maganin ita za a koma wa. Ta sirka ruwa mai ɗumi, ta sa sabulu ta wanke wuyan kyanwar inda aka zuba abin, ta tsane ta, ta naɗe ta a tsohon zane ta sa a kwando. Suka ɗaure kwandon a bayan keke.

Da Iya Liyatu ta ji ƙarar keken ya nufi ƙofa, sai ta yi magana.

“In ta cika a hanya, kada ka yar da ita a daji. Ka dawo mini da ita.”

Mutumin nan bai taɓa wuce kowa a hanya bai sauka ya gaisa ba, har ya tambayi gida da gona da awaki. Ran nan mutane suka ga dattijo ya wuce su kamar iska, babbar riga tana kaɗawa, ana “sannu Baba” yana ɗaga hannu kawai. Yana taka keke yana addu'a, addu'ar kuwa ba mai tsawo ba ce irin wadda yakan yi ran Lahadi. Cewa yake, “Ya Ubangiji, laifina ne, kada ka bar tsohuwar nan ta biya.”

Malama Keziya ta buɗe zanen, ta duba sau ɗaya.

“Na karen ka sa mata?”

“Rabi ne kawai, Malama.”

Ba ta tsaya faɗa ba. Ta shiga da kyanwar ciki, ta sāke wanke ta, ta yi mata allura don karkarwar ta lafa, ta kwantar da ita a wuri mai duhu inda ba hayaniya. Da ta fito ta same shi tsaye da hula a hannu. Ta ce ba za ta yi masa alkawari ba, amma wankin da aka yi da saurin da ya yi sun taimaka, sai a bar ta a nan a ga abin da Allah zai yi. Ta kuma gaya masa cewa rabin da ya sa wa Ƙyalesu ba zai kashe masa ƙuma ba, ba kuma za a ƙara masa wani nan kusa ba sai lokaci ya yi. Kyanwar an ba ta abin da ya fi ƙarfinta, karen an rage masa abin da zai ishe shi.

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Adalci na so in yi, Malama.”

Labarin watandarsa ya kai har gari, ita ma ta san shi. Ta ce masa a hankali, “Na sani, Baba. Amma ai wannan ba nama ba ne.”

Ya koma gida da kwando ba kome a ciki. Kwanakin da suka biyo baya sun yi masa nauyi ƙwarai. Iya takan zauna a tabarmarta, hannunta ya riƙa lalube a cinya, sai ta tuna ta janye shi. Tuwo loma biyu take yi ta ture. Waƙa ta ɗauke daga gidan. Ba ta zarge shi ba, ko da wasa, shi kuwa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Don ya rasa inda zai sa kansa, sai ya karɓi tsintsiya daga hannun Afiniki ya shiga share ɗakuna da kansa, ya fitar da tabarmi da tsummoki ya baza a rana, ya kwashe sharar ya ƙone. Matan unguwa suka yi ta neman dalilin wucewa ta ƙofar gidan don su ga dattijo da tsintsiya. Kullum kuma sai ya hau keke ya je gari ya dubo, ya dawo ya ce wa Iya, “Tana nan da rai.”

Wata safiya ya shiga ɗakin malama ya tarar da Ƙawa a zaune, tana lasar ƙafarta kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Ya miƙa hannu da murna zai shafa ta, ta daka masa yakushi a bayan hannu har jini ya fito. Malama ta yi dariya ta ce wadda ta iya wannan ta warke. Shi kuwa tun da aka haife shi bai taɓa jin daɗin ciwo irin na ran nan ba.

Da ya iso gida bai ma gama kwance kwandon ba, kyanwar ta yi tsalle ta dire, ta bi ta gaban Ƙyalesu ko kallo bai ishe ta ba, ta haye cinyar tsohuwar. Iya Liyatu ta shafa ta tun daga kunnuwa har wutsiya, ta sāke shafawa, hawaye yana zuba tana dariya.

“Kin rame, Ƙawa,” in ji ta. “To, ba kome, ni ma na rame. Daidai aka raba mana.”

Afiniki ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Maigidan ma ya yi, yana share ido da hannun riga. Da yamma aka ji waƙa tana tashi daga ƙofar ɗakin Iya, tuwonta kuma ta cinye har ta nemi ƙari.

Da kyanwar ta yi ƙarfi, malama ta ba da nata maganin, ɗan mitsitsi, wanda aka yi domin kyanwa. Da lokacin Ƙyalesu ya yi aka ba shi nasa cikakke. Aka ci gaba da shara da shanya, ƙuma ta ƙare a gidan, Afiniki ta koma rawarta ta dā.

Ma'anar wannan misali ita ce, manomin nan mu ne, duk wanda Allah ya danƙa wa wani a hannu: uba da uwa, malamin makarantar Lahadi, dattijo, shugabar zumunta, wa da ya a cikin gida. Kare da kyanwa su ne mutanen da aka ba mu. Ƙuma ita ce laifofin nan da muke rainawa, 'yar ƙarya, ɗan gulma, fushi, lalaci, waɗanda sukan fara a jikin mutum ɗaya su bi gida duka. Ba a zama da su a ce ƙanana ne, dole a nemi magani. Maganin shi ne gargaɗi da horo da tsautawa. Malamar kuwa tana tsaye ne a madadin Ubangiji, wanda ya yi mu, ya kuma san abin da jikin kowa da zuciyar kowa za su iya ɗauka.

Ku lura, mutumin nan ba mugu ba ne. Bai bi shawarar masu kananzir ba, ya je inda ya kamata, ya ji magana sarai. Tausayi ne ya kayar da shi ƙasa, da kuma halinsa mafi kyau, wanda kowa yake yabo. Ya amince da wannan hali har ya ɗora shi a kan umarnin da aka ba shi. 'Yan'uwa, abin tsoro ke nan. Ba kullum ta wajen rauninmu muke faɗuwa ba. Sau da yawa ta wajen abin da aka san mu da shi ne, mai gaskiya ta wajen gaskiyarsa, mai haƙuri ta wajen haƙurinsa, don a nan ne ba ma tsayawa mu yi tambaya.

Allah yana ƙaunarmu ƙauna ɗaya, ba ya tara, ba shi da na gaba da na baya. Amma ba ya bi da mu hanya ɗaya. Ku iyaye kun san wannan in kun yarda ku faɗa. Akwai ɗan da za ka daka wa tsawa, kafin ka juya ya manta yana neman abinci, in ba ka yi masa da ƙarfi ba ma bai san ka yi ba. Akwai kuma wanda harara ɗaya za ta hana shi cin tuwo. In ka ce don adalci za ka auna musu faɗa daidai, na farkon ka rage masa abin da zai gyara shi, na biyun ka ba shi abin da zai karya shi. Haka yake a ikilisiya. Wanda ya daɗe cikin bangaskiya, ya yi ƙwari, a faɗa masa gaskiya gar da gar, kada a yi ta kewaye-kewaye. Wanda ya shigo jiya, ko wanda baƙin ciki ya riga ya raunana, a ja shi gefe, a yi masa a hankali.

Kai kuma da kake ganin an ba ɗan'uwanka nasa, kai an ce ka jira, kada ka ce an mayar da kai na baya. Da kyanwar nan ta jira kasuwa mai zuwa, susa kaɗai za ta sha. Mai yiwuwa abin da kake kuka a ba ka, don ka ga ya yi wa wani amfani, shi ne abin da ba za ka iya ɗauka ba, naka kuwa yana hanya.

Abu na ƙarshe shi ne wanda na fi so ku tafi da shi gida. Sa'ad da manomin ya ga abin da hannunsa ya yi, bai tsaya kāre kansa ba, bai ce ai nufinsa alheri ne ba. Ya faɗi gaskiya, ya koma wurin wadda ya ƙi jin maganarta, ya kuwa yi sauri. Saurin nan ne ya sa aka yi dariya a ƙarshen labarin.

Yanzu ku ɗan dubi bencin da kuke zaune. A kusan kowace ikilisiya akwai wurin da wani ya saba zama, yau ba kowa. An yi masa faɗa a gaban jama'a, ko an yi mata magana mai zafi a taron mata, maganar kuma gaskiya ce, wani da aka faɗa wa irinta bara ya gode ya gyara. Shi ya sa wanda ya faɗa yake barci lafiya, yana cewa ai bai bambanta kowa ba. In kai ne ka faɗa, ka san sunan mai wurin, ka kuma san ƙofar gidansa. Kada ka jira wata Lahadi. Ka roƙi Ubangiji kalmar da ta dace da shi, ka je yau, tun zuciyarsa tana da sauran ɗumi.